Daga Dokin Katako Zuwa Pac-Man: Tarihin Kamfanin Namco Na Japan

Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a cikinmu a shekarun 1990, a Agege ne ko Idi-Araba ko Sabon Ibadan, zai iya tuna wata ƙaramar na'urar gem da ake jonawa da talabijin. Kaset ɗinta yakan zo da ruwan ɗorawa, an rubuta a jikinsa wai akwai wasanni dubu kaza a ciki, alhali in ka zauna ka ƙirga ba su wuce goma sha wani abu ba, sauran duk maimaici ne da sabon suna. A cikin waɗancan 'yan goma sha ɗin akwai ɗan ƙwallon nan mai baki da ke cinye ɗigo a lunguna, akwai jirgin da ke harbin ƙwari a sararin samaniya, akwai kuma tankar yaƙin da ke gadin mikiya a cikin katangar bulo. Duk ukun daga gida ɗaya suka fito, wato kamfanin Namco na ƙasar Japan. Yawancinmu ba mu taɓa ganin sunan ba, domin masu buga kaset na jabu sukan goge shi kafin su kawo kasuwa.

Abin da bai zo mana a rai ba a lokacin shi ne, asalin waɗannan wasanni ba na falo ba ne. An ƙera su ne domin wasu manyan akwatuna masu tsayin mutum da ake girkewa a bainar jama'a, wanda zai buga sai ya jefa ƙwandalar yen 100. Wannan ƙwandala ita ce ta tsara komai. Dole baƙon da ya tsaya a gaban akwatin ya gane wasan kafin ya gama gyara tsayuwa, dole wasan ya kayar da shi cikin 'yan mintoci domin na bayansa ya samu wuri, dole kuma ya bar wajen yana jin laifinsa ne, da ya ƙara ƙwandala ɗaya da ya ci. Wanda ya assasa Namco ya shafe shekara ashirin yana koyon wannan lissafi tun kafin ya taɓa sayar da gem na allo ko ɗaya.

Sunansa Masaya Nakamura, an haife shi a Tokiyo a 1925. Ƙera jiragen ruwa ya karanta a Yokohama, ya gama a 1948, lokacin da Japan ke kwance bayan Yaƙin Duniya na Biyu, aikin yi ya yi wuya. Sai ya koma wajen mahaifinsa mai sana'ar gyaran bindigogi, sana'ar da ita ma ta koma ta bindigogin wasan yara. A ranar 1 ga Yuni 1955 ya buɗe nasa kamfanin, Nakamura Seisakusho, da jarin yen 300,000. Da wannan jari ya sayi dawakan katako guda biyu irin waɗanda yara ke hawa suna lilo, ya girke su a saman rufin wani babban kanti mai suna Matsuya a Yokohama.

A Japan ta wancan zamani, saman rufin manyan kantuna wurin shaƙatawa ne. Iyaye mata su yi sayayya a ƙasa, su hau da yara sama su huta. Nakamura da kansa yake goge dawakan, da kansa yake gyara su in sun lalace, yana tsaye yana gaisawa da iyayen yara. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa tsare teburi ya san amfanin irin wannan tsayuwa. Kana ganin fuskar mai saye, kana ganin abin da ya ja shi da abin da ya kore shi, ba sai wani ya kawo maka rahoto ba. A 1963 babban kantin Mitsukoshi da ke unguwar Nihonbashi a Tokiyo ya ba shi aikin girka wurin wasan yara a saman rufinsa, aikin ya yi kyau har aka ba shi sauran rassan. A 1966 ya buɗe masana'antarsa, ya kuma samu izinin kamfanin Disney na yin amfani da siffofin katun ɗinsu a jikin kayan hawan yara. Daga nan aka shiga ƙera injinan wasa masu aiki da lantarki da fitilu da madubai, irin na tseren mota da na harbi. Sunan Namco ya fara bayyana a jikin kaya a 1971, ya zama sunan kamfanin gaba ɗaya a 1977.

Shigarsa harkar gem na allo ta zo ne ta hanyar sayen kamfanin da ke neman durƙushewa. Atari ta Amurka, masu wasan Pong, sun buɗe reshe a Japan amma ya kasa tsayawa da ƙafarsa. A 1974 suka sa shi a kasuwa. Sega ma ta taya, amma Nakamura ya yi tayin da ya ninka nata nesa ba kusa ba, ya ɗauki shekaru yana biya. Abin da ya saya a zahiri shi ne damar rarraba wasannin Atari a Japan. Da Breakout ya zo a 1976, wasan nan na fasa bulo da ƙwallo, Japanawa suka yi masa caa. Kafin a ce me, na jabu sun cika gari, wasu ma daga hannun gungun 'yan dabar da ake kira yakuza suka fito. Nakamura ya nemi Atari ta ƙaro masa kaya ko ta ɗauki mataki, bai samu yadda yake so ba, sai shi ma ya shiga ƙera nasa Breakout ɗin ba tare da izini ba, abin da ya jawo rigima tsakaninsu. Mu riƙe wannan a rai, domin kamfanin da ya yi haka shi ne daga baya zai fi kowa kuka da masu kwafar kayansa.

A 1977 wani saurayi ɗan shekara 22 mai suna Toru Iwatani ya kama aiki a Namco. Burinsa ya ƙera injin finbol, wanda ake buga ƙwallon ƙarfe da 'yan fikafikai biyu, sai ya tarar kamfanin ba ya yin sa. Sai ya huce takaicinsa a kan allo, ya haɗa finbol da Breakout ya fitar da Gee Bee a 1978, gem na allo na farko da Namco ta ƙera da hannunta. Ya yi rashin sa'ar lokaci. A shekarar ne kamfanin Taito ya saki Space Invaders na Tomohiro Nishikado, wanda ya mamaye Japan har aka riƙa buɗe shaguna da babu komai a ciki sai shi, gidajen shan kofi kuma suka maye teburansu da teburan gem. Ana yawan ba da labarin wai har ƙwandalar yen 100 ta yi ƙaranci a ƙasar saboda shi. Waɗanda suka bi diddigin labarin sun ce ƙari ne, amma yaɗuwarsa kaɗai ta isa ta nuna yadda abin ya kai.

Amsar Namco ita ce Galaxian a 1979, ƙarƙashin Kazunori Sawano. A Space Invaders maƙiya jeri suke yi suna saukowa tare kamar masu fareti, allon kuma baƙi da fari ne, sai a manna leda mai launi a kan gilashin. A Galaxian launin daga cikin na'urar yake fitowa, kowane ƙwaro da nasa, taurari na ƙyalli a baya. Babban bambancin kuma shi ne ƙwarin sukan ɓalle daga jeri su kawo sura kamar shaho ya hango 'yan tsaki. Kamfanin Midway ya karɓi lasisinsa a Amurka, ya kuma yi ciniki sosai.

Yayin da kowa ke ƙera wasan harbi, Iwatani yana duba waɗanda ba sa shigowa gidan gem. Wuraren sun zama na maza zalla, ga duhu ga hayaƙin taba, mace ba ta sha'awar leƙawa. Ya ce zai yi wasan da mata za su so, wanda saurayi da budurwa za su iya tsayawa su buga tare. Ya nemi aikin da kowa ke yi wanda ba kisa ba, sai ya tsaya a kan ci. A harshen Japan akwai kalmar paku-paku, mai kwaikwayon buɗewa da rufewar baki wajen cin abinci, daga nan sunan ya fito. Shahararren labarin siffar kuwa shi ne wai ya sayi fiza, gurasar nan ta Italiya, ya ciri yanka ɗaya, sai ya ga abin da ya rage ya yi kama da kai mai buɗaɗɗen baki. Shi da kansa ya taɓa cewa rabin labarin ne gaskiya. Ɗaya rabin shi ne harafin da Japanawa ke rubuta kalmar baki da shi murabba'i ne, sai ya kewaye kusurwoyinsa.

Tsarin wasan bai da wuyar faɗa. Lunguna ne masu ɗigo 240 da manyan ƙwayoyi huɗu a kusa da kusurwoyi. Ka cinye duka ka wuce mataki na gaba. Fatalwa huɗu na bin ka, in ɗaya ta taɓa ka rai ya tafi. In ka haɗiyi babbar ƙwaya sai reshe ya juye da mujiya na ɗan lokaci, fatalwan su koma shuɗaye su ranta a na kare, kai kuma ka bi su, ta farko maki 200, ta biyu 400, ta uku 800, ta huɗu 1,600. Iwatani ya ce daga katun ɗin Popeye ya samo wannan, mutumin da ake dukansa har sai ya ci alayyafo. Maɓalli ko ɗaya babu a wasan, sanda ce kawai mai zuwa sama da ƙasa da hagu da dama, saboda haka wanda bai taɓa riƙe gem ba ma ba ya jin kunyar gwadawa.

Inda gwanintar take shi ne halin fatalwan, wanda mai rubuta manhajar, Shigeo Funaki, ya zauna ya tsara. Da a ce duk huɗun bin bayanka suke yi, da sun jeru kamar taragun jirgin ƙasa, wasan ya zama gudu kawai. Sai aka ba kowace ɗabi'arta. Ja ita ce mai naci, inda kake nan take nufa. Mai ruwan hoda ba inda kake take nema ba, tana auna taku huɗu a gabanka ne domin ta tare ka. Shuɗiya tana haɗa inda ja take da inda ka dosa ta fitar da nata wurin, shi ya sa ba a gane mata. Mai ruwan lemo kuwa in tana nesa sai ta biyo ka, da ta matso kusa sai ta juya ta nufi kusurwarta ta ƙasa a hagu kamar wadda ta manta abin da ya kawo ta. Sunayensu na Japan ma halin suke faɗa: Oikake mai kora, Machibuse mai kwanton ɓauna, Kimagure mai sauyin rai, Otoboke mai yin kamar bai sani ba. A Amurka aka fi saninsu da Blinky, Pinky, Inky da Clyde.

Akwai wata dabara kuma da mai bugawa ba ya lura da ita. Lokaci-lokaci duk fatalwan sukan daina kora na 'yan daƙiƙu, kowace ta nufi kusurwarta, sannan su dawo. An yi haka ne domin mutum ya samu ya numfasa. In aka matsa masa ba sassauci zai gaji ya tafi da sauran ƙwandalolinsa, in aka sassauta da yawa zai kwana a kan ƙwandala ɗaya mai akwati ya yi asara. A ganinmu duk sirrin wasannin Namco na wancan zamani yana cikin wannan awo, kuma awo ne irin na mutumin da ya taɓa tsayawa a bakin dokin katako yana lura da lokacin da yaro zai fara ƙosawa.

An fara gwada wasan a unguwar Shibuya ta Tokiyo ranar 22 ga Mayu 1980, da sunan Puck Man. A gida Japan ya yi ciniki daidai gwargwado, amma bai girgiza kowa ba, masu zuwa gidan gem sun fi son harbi. Da za a kai shi Amurka aka sauya sunan zuwa Pac-Man, saboda tsoron kada 'yan iskan gari su kankare harafin farko su mayar da shi ashar a Turance. A bajekolin masu injinan wasa da aka yi a Cikago ƙarshen shekarar, hankalin da yawa daga masu harkar ya fi karkata ga wani wasan Namco na mota mai suna Rally-X. Sun yi kuskure. Midway ta sayar da akwatunan Pac-Man sama da 100,000 a Amurka. Aka yi masa waƙa mai suna Pac-Man Fever da ta shiga goman farko a jadawalin waƙoƙin ƙasar a 1982, kamfanin Hanna-Barbera ya yi masa katun na talabijin, hotonsa ya hau riguna da kwanukan abincin 'yan makaranta. Shi ne ɗan wasan gem na farko da ya zama tauraro mai suna da fuska.

Magajiyarsa, Ms. Pac-Man ta 1982, ba a Japan aka haife ta ba. Wasu matasa da suka fito daga jami'ar MIT ta Amurka, masu ƙaramin kamfani mai suna General Computer Corporation, su ne suka yi wa Pac-Man kwaskwarima suka sa masa suna Crazy Otto, suka kai wa Midway, ita kuma ta mayar da shi mace mai jan ƙyalle a ka. Sun gyara wani rauni na ainihi. Tun da fatalwan asali ba sa sauya hali, gwanaye sun haddace hanyoyin da in ka bi su ba za a taɓa kama ka ba, sai mutum ya yi sa'o'i a kan ƙwandala ɗaya. A sabon an sa wa wasu fatalwan ɗan rashin tabbas, haddar ta daina aiki.

Waɗannan gwanaye ne kuma suka gano ƙarshen wasan da ba a yi niyyar ya ƙare ba. Gurbin da na'urar ke ajiye lambar mataki ba ya ɗaukar abin da ya wuce 255. In mutum ya kai mataki na 256 sai lissafin ya rikice, rabin allon na dama ya cika da tarkacen haruffa da lambobi, ɗigon da ke akwai ba su isa a wuce ba. Masu ƙera shi ba su zaci wani zai kai can ba. Saboda wannan iyaka, mafi girman makin da za a iya samu shi ne 3,333,360, kuma sai wanda ya cinye komai da komai tun daga matakin farko ba tare da ya rasa rai ko ɗaya ba kafin ya kai mataki na 256.

To me Iwatani ya samu a cikin wannan dukiya? Shi da bakinsa ya faɗa a hirarraki cewa ba a ƙara masa albashi saboda Pac-Man ba, ba a ba shi wani kaso ba. Ma'aikaci ne, abin da ya ƙera na kamfani ne, haka tsarin yake a Japan. Wani zai ce kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Wani kuma zai ce kamfanin ne ya ɗauki asarar Gee Bee da sauran gwaje-gwajen da ba su ci ba, ya kuma riƙe shi shekara talatin yana hawa muƙami. Mu dai mun fi karkata ga na farkon. Ko sunan masu aikin ba a cika rubutawa a allo ba a lokacin, kuma ana danganta hakan da gudun kada abokan hamayya su san su su zawarce su.

Shekaru huɗun da suka biyo baya su ne ganiyar kamfanin. Galaga na 1981, aikin Shigeru Yokoyama, ya ɗauki Galaxian ya ƙara masa caca. Babban ƙwaro yakan sauko ya saki wani haske ya zuƙe jirginka. In kana da sauran rai, kuma ka harbo shi yayin da ya kawo sura, sai jirgin da aka kama ya dawo ya manne da naka, ka koma harbi bibbiyu, amma fa faɗinka ya ninka, harsashi ya fi saurin samunka. Gwanaye da gangan suke ba da jirgin a kama. Dig Dug na 1982 haƙa rami ne a ƙarƙashin ƙasa, kana hura wa dodanni iska da famfo har su fashe, ko ka sako musu dutse a ka. Kiɗansa, wanda Yuriko Keino ta tsara, sai kana tafiya yake tashi, da ka tsaya ya yi shiru. A shekarar ne kuma Pole Position ya fito, tseren mota a kan ainihin filin tsere na Fuji, inda sai ka yi zagayen neman gurbi kafin a bar ka ka shiga gasar. Mappy, ɓeran nan ɗan sanda da kyanwoyi ɓarayi, ya biyo baya a 1983.

Xevious, wanda ya bazu a farkon 1983, ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. Masanobu Endo ne ya tsara shi. Jirginka na tafiya a saman daji da teku da hamada, har da zanen tsuntsu irin na filin Nazca da ke ƙasar Peru, kana da makami ɗaya na maƙiyan sama, ɗaya na jefa bam a ƙasa. Endo ya ɓoye hasumiyoyi da tutoci a wuraren da ido ba ya gani, sai wanda ya jefa bam daidai wurin. Nan take gidajen gem suka cika da raɗe-raɗi. Akwai wasu faranti masu juyawa da harsashi ba ya huda su, aka baza cewa in ka harbi ɗaya sau 256 zai fashe. Ƙarya ce, amma ta ci ƙwandaloli ba adadi. Endo ya kuma ɗana wa masu jabu tarko: ya ɓoye wani saƙo a cikin manhajar, wanda a akwatin asali yake nuna aikin Namco ne, a na kwafi kuma yake tona cewa sata ce. A 1984 mawaƙi Haruomi Hosono ya fitar da faifai na kiɗan wasannin Namco, wanda ake ɗauka shi ne na farko irinsa. A shekarar ce Endo ya fitar da The Tower of Druaga, hasumiya mai hawa 60, kowane hawa da ɓoyayyar taskar da ba a faɗa maka yadda za ka fito da ita ba. Sai masu bugawa suka riƙa ajiye littafin rubutu a gidajen gem, kowa ya gano wani abu ya rubuta wa na baya.

Maganar jabu ta kai Namco kotu. A 1984 wata kotu a Tokiyo ta yanke hukunci a kan masu gidajen shan kofi da suka girke Pac-Man na kwafi, ta ce hoton gem mai motsi yana da kariyar doka irin ta fim. Hukuncin ya zama madogara ga masana'antar baki ɗaya. Sai dai bai kai ga inda kaset ɗinmu mai ruwan ɗorawa ya fito ba.

Ga yadda aka yi wasannin suka iso falonmu. Nintendo ta fitar da na'urar gida mai suna Famicom a 1983, Namco kuma na cikin kamfanonin waje na farko da suka fara yi mata wasanni a 1984. Suka juyo da Galaxian da Pac-Man da Mappy da Galaga. Xevious na Famicom ya haura kwafi miliyan ɗaya, har ana yi wa sabon ginin da kamfanin ya yi a unguwar Ota laƙabi da ginin Xevious. A 1985 suka fitar da Battle City, jikan wani tsohon wasansu na akwati mai suna Tank Battalion na 1980. Shi ne tankar da muka sani: mataki 35, tankokin maƙiya 20 a kowanne, mutum biyu na iya bugawa tare, kuma harsashinka na iya rushe mikiyarka, abin da ya haddasa faɗa tsakanin wa da ƙani a gidaje da yawa. Daga baya masana'antu a Taiwan da Sin suka kwafi Famicom ɗin kanta da kaset ɗinta, suka cika kasuwannin Rasha da Kudancin Amurka da Afirka da su. Wata kwaskwarimar Battle City da aka yi a Sin mai suna Tank 1990 ta fi na asalin yaɗuwa a wurare da dama. Kobo ɗaya daga cinikin nan bai koma Tokiyo ba.

Zumuncin Namco da Nintendo bai ɗore ba. Yarjejeniyar farko ta ba Namco gata, har da damar buga kaset ɗinta da kanta. Da wa'adin ya cika a 1989, shugaban Nintendo Hiroshi Yamauchi ya ce kowa zai bi sharaɗi ɗaya. Nakamura ya fito fili ya zargi Nintendo da kankane kasuwa. Daga ƙarshe ya sa hannu, domin ba shi da zaɓi, amma ya fara kai manyan ayyukansa wasu gidajen. Da Sony ta shigo da PlayStation ranar 3 ga Disamba 1994, Ridge Racer na Namco, tseren motar da ya yi tashe a gidajen gem tun 1993, yana cikin wasannin ranar farko. A watan ne Tekken ya fito a akwati, kuma kayan cikin akwatin kusan PlayStation ce, shi ya sa juyo shi gida bai yi wuya ba. Seiichi Ishii, wanda ya yi aiki a kan Virtua Fighter na Sega, shi ya jagorance shi, da tsari mai sauƙin ganewa irin na gidan: maɓalli huɗu, biyu na hannuwa biyu na ƙafafu.

A nan ne tarihin ya sake haɗuwa da mu, kuma a sigarsa ta asali. Gidajen gem na unguwanninmu, masu benci da talabijin da janareta a waje, kuɗin wasa ɗaya ake biya, wanda aka ci ya tashi ya miƙa wa na layi. Lissafin ƙwandalar yen 100 ke nan ya dawo da naira. Wanda ya buga Tekken 3 a irin waɗannan wurare ya san takaicin a ce yaron da bai iya komai ba ya ɗauki Eddy Gordo ya yi ta danna maɓallan ƙafa har ya kayar da gwani. Wanda kuma ya riski Tekken na farko zai tuna cewa kafin faifan ya gama lodi akan ba ka wani ɗan wasan harbin ƙwari ka rage lokaci. Galaga ne. A Ridge Racer kuma Galaxian ne. Namco ta yi wa wannan dabara rajistar mallaka a Amurka, wadda ba ta ƙare ba sai 2015, kuma ana ganin shi ya sa wasu kamfanoni suka yi shekara ashirin suna barin mutane da kallon allon lodi.

Da na'urorin gida suka kamo akwatunan waje a ƙarfi, kuɗin ƙera wasa kuma ya yi tashin gwauron zabo, sai kamfanonin Japan suka shiga haɗewa. A 2005 Namco ta haɗe da Bandai, masu kayan wasan yara, aka samu Bandai Namco. A 2012 gidan adana kayan fasahar zamani na birnin New York ya sa Pac-Man a cikin taskarsa. Nakamura ya rasu ranar 22 ga Janairu 2017 yana da shekara 91.

Iwatani kuwa ya bar kamfanin a 2007 ya koma koyarwa a jami'ar Tokyo Polytechnic. Aikinsa na ƙarshe kafin ya tafi shi ne Pac-Man Championship Edition, wanda aka yi wa na'urar Xbox 360. Na'urar gida ce, babu ramin jefa ƙwandala, babu mai jira a baya, ana iya barin mutum ya yi ta bugawa har gari ya waye. Duk da haka sai ya sa wa babban zagayen wasan agogo a saman allo, minti biyar cif, da sun cika a ƙirga maki.